Tsinken da Baba Ya Ajiye wa Makara

Mutumin da ya koya mini walda bai taɓa yabon aikina ba. Ba don a tausaya mini nake faɗa ba, haka yake da kowa. Baba muke ce masa, wani dogon Babarbare mai rumfa a Moduganari, kuma duk abin da zai faɗa a kan aiki bai wuce kalma uku ba: yanke ka sake. In ka gama ƙofa sai ya zo ya bi ɗinkin da yatsa, wato wurin da ƙarfe biyu suka haɗu, ya ɗauki guduma ya buga sau biyu. In ya wuce bai ce komai ba, ka ci jarrabawa ke nan, sai ka je ka yi murnarka a bayan rumfa. Ni Afuno yake kirana, wato Bahaushe, don iyayena daga Kano suka zo, duk da cewa a unguwar Fezzan, nan Maiduguri, aka yanke mini cibiya. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa, kuma na yanke ƙarfen da zai isa a gina gada.

Rigimarmu ɗaya ce tun da na buɗe tawa rumfar a Bulumkutu, ita ce rigimar tsinken walda. Wanda bai san aikin ba zai ga duk tsinke ɗaya ne, siririn ƙarfe da aka yi wa riga da wata hoda mai tauri, a maƙala shi a awartaki, wuta ta narka shi cikin ɗinki. To amma akwai mai tambari, mai tsada, akwai kuma ɗan araha da ake sayarwa a kowane shagon kayan gini. Baba bai taɓa barin ɗan araha ya shiga rumfarsa ba. In wani ya kawo aiki da nasa tsinken a leda, sai Baba ya karɓi aikin ya mayar masa da ledar, ya ce ya kai wa matarsa ta tsire nama.

Gaskiya kuma, mai tambari abin so ne. Kana taɓa ƙarfe yake kamawa ko da wutar ba ta da ƙarfi. Ƙararsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kamar ana suyar ƙosai a mai mai zafi daidai. In ɗinki ya huce, ɓawon da ke kansa da kansa yake ɗagawa ya lanƙwashe, ka hure shi da baki, ka ga ɗinki a jere kamar kitso. Ɗan araha kuwa sai ka yi lallashi. Zai maƙale, ka fizge, ya sake maƙalewa. In ya kama ya riƙa tofa maka tartsatsi a wuya, hayaƙinsa ya kankare maka maƙogwaro, ɓawonsa kuma ba ya tashi sai da guduma. A kwali ɗaya za ka samu na kirki, ka samu waɗanda rigarsu ta karkace gefe guda suna ci a kaikaice. Ni duk na san wannan, ban taɓa musu ba.

Abin da nake cewa shi ne, mutanen Bulumkutu ƙofar kaji suke kawo mini da ƙafar murhu da kujerar keke napep, kuma ba wanda zai biya kuɗin tambari a kan ƙofar kaji. Sai na koyi zama da ɗan araha kamar yadda mutum yake koyon zama da maƙwabci mai faɗa. In na sayo kwali sai in zazzage shi a tabarma in tsince, in ware karkatattun, sauran in shanya su a kan kwanon rumfa su sha ranar Maiduguri, wadda ba ta buƙatar taimakon kowa. In ƙara wa inji wuta kaɗan, in rage gudun hannu, in bi ɗinki sau biyu inda Baba zai bi sau ɗaya. Aikina bai taɓa dawowa ba. Duk sallah in na je gaishe shi sai na san yadda na sako wannan maganar, shi kuma ya san yadda zai kashe ta.

"Afuno, araha ba ta ado. Makarar masallacinmu wa ya yi ta?"

"Kai ne, Baba."

"Wa ta taɓa kayarwa?"

Nan maganar take mutuwa kullum. Makarar ƙarfen da ke jingine a bayan masallacin unguwarsu shi ya haɗa ta tun yana da ƙarfi, da tsinke mai tambari, bai karɓi ko sisi ba, don ba a karɓar ladan hannu a kan makara. Ta ɗauki masu jiki da marasa jiki, ta ɗauki liman biyu, ba ta taɓa yin ko ƙara ba. Baba yakan ce wannan ne aikin da ya fi kowanne wuya, domin mai shi ba ya dawowa ya yi ƙorafi, sai dai ya jira ka a can. Kuma kowa a gidan ya san cewa a cikin akwatin ƙarfensa, tare da likkafanin da ya saya ya ajiye wa kansa, akwai cikakken kwalin mai tambari da ba a taɓa buɗewa ba, an naɗe shi da leda. Na ranar da makara za ta buƙaci gyara ne.

Kafin wannan ranar ta zo idanunsa suka tafi. Walda ce ta ci su a hankali, don Baba na cikin waɗanda suke ganin baƙin gilashi na ragwaye ne, runtse ido ya isa. Ya kai yana gane mutum a tsaye amma bai san ko wane ne ba sai ya yi magana. Ya rufe rumfa ya koma zaman ƙofar gida, inda ya ci gaba da aikinsa da kunne. In ana walda a layi na uku zai gaya maka irin tsinken, ya gaya maka mai riƙe da shi bai karya kumallo ba.

Sai shekarar da ruwa ya shigo gari. Ba sai na ba da labarin ba, kowa yana da nasa. Gidan Baba ya sha ruwa har saman taga, suka yi makonni a wajen 'yarsu. Makara kuma ta kwana a cikin laka har ruwan ya janye. Bayan wasu watanni, ana fito da ita za a wanke, hannu ɗaya ya zo a hannun ladan, sauran makarar ta tsaya inda take. Allah ya rufa asiri ba kowa a kai. Da aka kai wa Baba guntun ya shafa, sai fuskarsa ta washe, domin bututun ne tsatsa ta cinye, ɗinkin yana nan daram. Ya sa aka zaga da guntun majalisa uku ana nunawa.

Liman ne ya aiko a kira ni. Ya ce sabuwa za a yi, jama'a sun haɗa kuɗin bututu, kuma Baba ya ce ni zan yi. Ya ce a hanzarta, don a mako guda sun aro ta maƙwabta sau biyu, maƙwabtan ma suna da nasu matattun. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce wato duk cikin waɗanda suka fita daga hannunsa ni ya zaɓa. Daga baya na ji cewa sauran biyun ɗaya ya koma sayar da waya, ɗaya yana Damaturu.

Na yanka bututu na jera a ƙasa ranar Laraba, da niyyar in fara ɗinki washegari da sassafe. Washegarin ina shimfiɗa waya sai ga keke napep ya tsaya a bakin rumfa, Baba ya sauko da sandarsa, ya rungume wani ƙunshi a ƙirji kamar jariri. Ban san zai zo ba. Na ba shi benci a inuwar darbejiya, muka gaisa, ya miƙo mini ƙunshin.

"Da wannan za ka yi. Buɗe da bismillah. Kada naka ya kusanci wurin nan."

Na buɗe da bismillah. Ledar waje a bushe take, kwalin ciki kuwa ya kumbura ya sake bushewa, ya yi taswirar ruwa. Tsinken suna jere a tsanake, da gani ka san wani ya fito da su ya shanya ya mayar, kuma na san aikin Mama ne, matarsa, don ita ce ba ta barin abu a karkace. Rigarsu ta tsattsage ta yi fari-fari, tsatsa ta tsattsafo daga ciki. Na murza ɗaya da yatsa biyu, hodar ta zubo mini a tafi. Tsinken da ya ɗan sha sanyi ana iya shanya shi ya dawo. Wanda ya kwana cikin ruwa har ƙarfensa ya yi tsatsa ya gama aiki, ko tambarin wa ke jikinsa.

Na ɗaga kai na dube shi. Yana zaune ya dogara haɓa a kan sanda yana jira, da irin fuskar mutumin da ya kawo wa surukai babban rago. Shekarunsa sun ja, kuma ba sai an faɗa ba, ya san wa makarar nan za ta ɗauka ba da jimawa ba. Ido ya tafi, rumfa ta tafi, ruwa ya tafi da sauran. Kwalin nan ne abin da ya rage masa na sana'a. Na rasa bakin da zan ce masa kwalin ma ya mutu. Na yi tunanin in ce ina zuwa, in ruga kasuwa in nemo wani mai tambarin, amma shagunan su ma sun sha ruwa, abin da ke kan kanta a lokacin kwalin ne na asali, cikinsa sai Allah. Kuma Baba ba mutumin da za ka bari a benci ka ce kana zuwa ba ne.

Na maƙala ɗaya daga cikin nasa na gwada a kan wani guntun ƙarfe, ko Allah zai sa. Ya yi tari, ya tofa, rigar ta faɗo guntu-guntu, abin da ya bari a kan ƙarfen duk huji ne kamar burodin da ya yi yisti da yawa.

"Mene ne wannan?" in ji Baba.

"Ƙarfen ne da fenti, Baba. Ban goge ba."

"Shekara tara," in ji shi, ya girgiza kai.

Na tura kwalinsa ƙarƙashin teburi a hankali, na jawo nawa, 'yan arahan da na tsince na shanya tun shekaranjiya. Ƙarya na yi masa, kuma na san ƙarya ce tun ina yi. Amma ba zan ɗora mutum a kan ɗinki mai huji ba, ko da shi ya roƙe ni.

Matsalar ita ce kunnensa. Dole in sa ɗan araha ya yi kukan mai tambari, kuma ban taɓa yin walda irin ta ranar ba, kafinta ko bayanta. Kowane tsinke sai na juya shi a rana na duba kafin in maƙala. Ba na yarda ya maƙale, don ƙarar fizgewa za ta tona ni. Na riƙe numfashi, na riƙe hannu a tazara ɗaya, gumi yana shiga mini ido a bayan gilashi ba halin sharewa. In wani ya fara alamar zai tofa sai in ɗaga hannu in yi kamar ina gyara waya. Baba yana zaune ya karkata kai gefe. Can sai ya ce wa mai facin taya da ke maƙwabtaka da ni, wanda ya zo gaishe shi, "Ka ji ko? Haka walda take kuka." Mai faci ya ce ya ji.

Saura ɓawo. Na mai tambari da kansa yake tashi, nawa kuwa ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya, kuma ba a bin ɗinki karo na biyu sai an ƙwanƙwashe shi tas. In na ɗauki guduma na fara, ko kurma ya gane. Sai na riƙa barinsa, ina tsallakawa gaba, ina haɗa wannan kusurwa in koma waccan, har makara ta tashi tsaye da ƙafa huɗu, duk ɗinkinta a rufe da baƙin ɓawo. Na fara jan aiki, ina auna abin da na riga na auna.

Da aka kira azahar Baba ya miƙe ya ce mai faci ya kai shi masallaci. Na ce ni zan biyo baya. Na san Baba da salla: yana sallamewa yake neman takalmi, yakan ce doguwar addu'a ta wanda ba shi da ƙarfe a wuta ce. Na ƙiyasta ina da minti goma sha biyar. Suna shan kwana na faɗa wa makarar nan da guduma kamar na kama ɓarawo. Na ƙwanƙwashe, na goge da burushin waya, na bi hannuwa huɗun karo na biyu, don su ne suke shan fizga in ana sauya kafaɗa a hanyar maƙabarta, na sake ƙwanƙwashewa. Ina yi ina leƙen hanya. Minti sha biyar ta wuce, rabin awa ta wuce. Na gama, na share ɓawon na zuba a bayan rumfa, na yi alwala na yi sallata ni kaɗai, na zauna. Sai wajen la'asar suka dawo, mai faci yana ɓata rai don ya bar tayoyi uku a ƙasa. Na ɗauka tsufa ne, barci ya kwashe shi a sahu.

Ya ce in kai shi gaban makara. Ya ajiye sanda, ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a hankali, har na ƙarƙashi sai da ya durƙusa ya laluba. Ya karɓi guduma ya buga kowane hannu sau biyu yana saurare. Ni ina tsaye a gefe, mutum mai 'ya'ya biyar, ina jiran hukunci kamar ranar da na fara zuwa rumfarsa. Ya miƙo mini gudumar.

"Tsinke mai kyau ba ya ƙarya," in ji shi. "Nemo mini keke."

Na ji haushi, kuma na daɗe ina ji. Aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwata, an ba kwalin da ke ƙarƙashin teburi ladansa, kuma ba wanda zan kai wa ƙara. Baba kuwa ya samu sabon makami. Da sallar da ta biyo baya ban ma kai ga zama ba ya ce wa baƙinsa ga Afunon da ya ga bambanci da idonsa. Na ce haka ne, Baba. Na ci dambun Mama na tafi.

Makarar ta fara aiki a makon da aka kai ta. Tun daga nan in na je jana'iza a Moduganari, mutane suna salati ni ina kallon ɗinki, Allah ya yafe mini. Ta ɗauki mutum shida ko bakwai kafin ta zo kansa. Ya rasu da damina, ranar wata Litinin da hantsi, bayan 'yar gajeruwar rashin lafiya. Na kama hannun gaba na hagu, wanda a cikin huɗun shi ne zuciyata ba ta gama kwanciya da shi ba, kuma na ƙi saki har maƙabarta, duk da ana ta taɓa kafaɗata a karɓa. Mutane sun ɗauka ƙauna ce, wasu har suka yi ta ba ni haƙuri. Ƙaunar tana nan, amma ni kunnena na kara a jikin bututu. Bai yi ko ƙis ba. Baba ya fi yadda nake zato rashin nauyi, wannan ne ya sa ni kuka a hanya.

Bayan addu'ar bakwai na shiga cikin gida in gaida Mama. Tana zaune a tabarma da carbi, akwatin ƙarfen nan a buɗe a gefenta, ba komai a ciki. Na ga ita ma tana da hakki, tunda ita ta shanya ta mayar, sai na ce bari in sauke kayan.

"Mama, tsinken nan da Baba ya kawo mini, ban yi aiki da su ba. Ruwa ya kashe su. Da nawa na yi, 'yan araha."

"Ya sani," in ji ta, ba ta ko daina jan carbi ba.

"Ke kika gaya masa?"

"Ni? Ni ma ɓoye masa na yi. Ranar ya dawo yana ta mita, wai ka sa shi zaman masallaci har ƙafarsa ta yi tsami. Na ce me ya zaunar da kai? Ya ce in bai ba ka wuri ba yaushe za ka ƙwanƙwashe ɓawon, ga ka nan kana ta zagaye ƙarfe kamar kaza za ta yi ƙwai. Ya ce tun tsinke na biyu ya ji."

Na tuna mai faci da tayoyinsa uku. Na tuna yadda ya zaunar da ni gaban baƙi da sallah ya ce na ga bambanci, ni kuma na ce haka ne, kowannenmu yana lallaɓa ɗan'uwansa. Can na tambaye ta abin da na yi shekara da shekaru ina son ji.

"To aikin fa, Mama? Bai ce komai a kai ba?"

Ta ɗaga ido ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Kai ma dai. Mutumin da ya san a kai za a ɗauke shi, ka ji ya ce ka yanke ka sake?"

Na yi mata sallama na fito. Makarar tana jingine a bayan masallaci, an wanke ta tana bushewa. Na tsaya na bi hannun gaba na hagu da yatsa, sannan na tari keke zuwa Bulumkutu, don akwai ƙofar kaji da na yi alkawarin gamawa ranar.